Tebur Lamba Biyu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya da kwata

Sun fitar da dogon tebur. Na zo da safe na tarar an kifa shi a baranda, ƙafafu a sama. Shekara goma sha ɗaya ina zagaya teburin nan, ban taɓa ganin ƙarƙashinsa ba sai yau. Ashe duk cingam ɗin da Amarya, abokiyar aikinmu, ke taunawa a nan yake ƙarewa.

’Yata Auta ce ta ce in riƙa rubutu a wayar nan, wai na cika magana ni kaɗai a kicin, maƙwabta za su ce wani abu. Ta ƙara mini girman baƙaƙen, kalma huɗu sun cika fuskar waya. Ni a aji shida na tsaya, yadda magana ta zo bakina haka zan sa ta.

Mu a maɗaba'a ba mu ke bugu ba, haɗawa muke yi. Inji ya buga, Baba, dattijon da ke kan injin yanka, ya yanka, mu mata bakwai mu tattara shafuka a kai ɗinki. Yadda muka saba, Doguwa ce ke jera tarin takardu a kan dogon tebur, na ɗaya, na biyu, har na ƙarshe. Mu kuma mu bi bayan juna muna zagayawa, kowa ta zari ɗaya daga kowane tari. Kafin ki kai ƙarshen tebur littafi ya haɗu a hannunki. Ba ruwanki da duba lambar shafi. Hannu na aiki, baki na hira.

Sabon manajan nan, Mai Tef muke ce masa don tun da ya zo ba a gan shi ba tef ɗin awo a hannu ba, shi ya ce zagayen nan ɓata lokaci ne, kuma in an yi kuskure ba a san ta wa ba ce. Yanzu kowa da ɗan teburinta, an kafa katako tsakaninmu, fuska na kallon bango, an manna lamba. Kowa ta jera tarinta da kanta, ta haɗa, ta ɗaure, ta soka takarda mai lambar teburinta.

Kowa ta jera da kanta. To.

Talata, 4 ga wata, bayan na dawo, wajen biyar da rabi

Ni aka ba lamba bakwai, can lungu kusa da ƙofar sito, inda ko da tsakar rana sai ka ce magariba ta yi. Doguwa lamba biyu, gindin taga.

Na zauna na ɗauki takardar farko, na kai ta nan, na kai ta can, na karkata ta. Ban ce wa kowa komai ba. Sai ga Doguwa a kaina da jakarta da gorar ruwanta, wai in tashi mu yi musanya, rana na dukan fuskarta tana sa mata ciwon kai. Doguwa fa, da ke fita ta shanya kanta a rana kamar ƙadangare in an ba da hutu. Na ce ta bari kawai. Ta ce, “Yaya, tashi mana, kina ɓata mini lokaci.”

Na tashi.

Ba mu faɗa wa manaja ba. Yana can sama a ofishinsa na gilashi, daga can ɗankwali kawai yake gani, kuma ba ya saukowa. Takardar da aka rubuta sunan kowa da lambarta na manne a bangonsa. A takardar ni ce bakwai, ita ce biyu. Mu dai muka ce ai aiki ɗaya ne, me ya yi zafi.

Tagar na da haske sosai. Allah ya saka mata.

Alhamis, 6 ga wata, hutun rana

Shiru wurin nan. Da ko ƙarar inji ba ka ji saboda bakinmu, yanzu har agogon bango ina ji. Ina jin tarin Doguwa daga lungu, ina jin cingam ɗin Amarya ta bayan katako, ita ce lamba uku, amma tun safe ban ga fuskar kowa ba. Ɗazu wata magana ta zo mini a kan wandon Mai Tef da bai kai idon sawu ba, na faɗa, na juya in ga wa ta yi dariya. Katako na gani.

An rataya allo a bakin ƙofa, ana rubuta yawan abin da kowace lamba ta haɗa a rana. Amarya da ba ta taɓa sauri ba tun da aka haife ta, shekara goma sha biyu da aure har yau tafiyar amare take yi, yanzu har fitsari take riƙewa.

Abinci ma kowa a teburinta, an rage hutun. Na raba ƙwaina biyu kamar kullum, rabi na Doguwa, sai na rasa ta inda zan miƙa mata. Na cinye.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Auta ta ce me ya sa na wanke kwano ɗaya sau biyu na bar mai dattin. Na ce ta fita harkata.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An kawo aikin wata makaranta, littafin karatun yara. Tari goma sha biyu kowane littafi. Wanda ya tsara shi Allah ya shirye shi, lambobin shafin ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma ba baƙa ba, toka-toka, can ƙasa a gefe.

Ga hadari tun safe. Taga ba ta yi mini komai ba yau.

Na jera. Na sake jerawa. Akwai biyu da suka yi mini kama, na rasa wanne ke gaba, uku ce ko takwas, duk sun dunƙule. Na ƙwanƙwasa katako na ce Amarya ta leƙo ta duba mini wani abu. Ta ce in bari ta gama ɗaurin nan tukuna. Na jira, ba ta leƙo ba. Ba laifinta ba ne, mantawa ta yi, idonta na kan allon nan. Na yi niyyar zuwa wurin Doguwa, amma sai na ratsa bayan mutum huɗu da takarda a hannu, ga gilashin sama. Kowa za ta ce me ya faru.

Na zaɓi ɗaya na sa a gaba. Na ce bismillah.

Laraba, 12 ga wata, biyar saura

Na gama. Ɗauri takwas, duk na soka musu lamba biyu. A allo ni na fi kowa yau, har Baba ya ce hannun nan bai tsufa ba.

Gabana na ta faɗuwa ban san dalili ba.

Na sani.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

An dawo da su.

Mutumin makarantar da kansa ya zo da kwalaye a bayan mota, muna jin muryarsa tun daga ƙofa. Wai yara na karanta labari, akuya ta faɗa rijiya kafin ta fito daga gida. Wata a cikinmu ta yi dariya ta bayan katako, ban san wace ba. An riga an ɗinke, an yanke, an sa bango. Ba gyara, sai sabon bugu.

Suka hau sama. Can wayar teburin Baba ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya saurara, ya ajiye a hankali. Ya ce manaja na kiran mai lamba biyu. Sai ya faɗi sunan da aka karanta masa. Sunan Doguwa.

Na dafa tebur zan miƙe. Wallahi na dafa. Ta taho daga lungu, da ta zo daidai bayana ta sa hannu ta danna kafaɗata ƙasa, da ƙarfi, har yanzu ina jin wurin. Ba ta ko kalle ni ba, ta wuce ta hau.

Minti ashirin ta yi. Ta sauko ta ɗauki jakarta. Amarya ta tambaye ta, ta ce an ce ta zauna a gida sai mai wurin ya dawo daga tafiya ranar Juma'a ta sama, 28 ga wata, shi zai ce ta dawo ko kar ta dawo. Ta faɗa kamar tana faɗin kuɗin mota. Ta ce mana sai an jima.

Ta manta gorar ruwanta.

Ni ce ke zaune a lamba biyu. Na rubuta a nan tunda ban faɗa a can ba.

Talata, 18 ga wata, bakwai saura minti goma na safe

Na riga kowa zuwa, mai gadi ma ya yi mamaki. Na kwashe kayana daga gindin taga na mayar lamba bakwai. Don in ya leƙo ta gilashi ya ga ɗankwali a lamba biyu, zai ce wace ce wannan, ba na kore ta ba?

Ba wanda ya sa ni. Ni na yi tunanin da kaina, tun a mota. Ashe na iya irin wannan.

Kujerarta ta lotsa daidai zamanta, ni ba ta karɓe ni ba.

Talata, da yamma

Na ci abincina.

Laraba, 19 ga wata, hutun rana

Lungun nan. Ina kunna fitilar waya in haska ƙasan takarda in kashe, in kunna in kashe, kamar mai neman ƙuma. Tari ɗaya sai na duba sau huɗu. A allo jiya ni ce ta ƙarshe, ƙasa da yarinyar da ta fara aiki wata biyu da suka wuce.

Sun gaishe ni da safe. Ba zan ce ba su gaishe ni ba. Amma gaisuwar ta tsaya a ina kwana, ba ya Auta, ba ya ƙafa. Duk sun san wa ke zaune a gindin taga sati biyun nan, ai ba makafi ba ne.

Na goge kalmar makafin nan na sake rubutawa. Bari in bar ta.

Na haɗu da Amarya a wurin famfo. Tana wanke hannu, ba ta ɗago ba, ta ce ita dai da ta leƙo ranar nan. Na ce wace rana? Ta ce, “Haba Yaya.” Ta yarfe hannunta ta tafi.

Na kira Doguwa sau biyu. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida

Saura wa Auta wata biyar ta gama makarantar jinya. Wata biyar kawai. Tun da babanta ya yi abin da ya yi, ni da teburin nan muka kawo ta nan. In na hau sama na buɗe baki, ba maganar shafi biyu kawai zan yi ba, sai an tambaye ni ya aka yi, in na faɗi yadda aka yi kuma, wa zai ajiye mace irina a aikin takarda?

Doguwa kuma tsohuwarta na kwance shekara uku, ita ke juya ta, ita ke komai.

Na sa wannan a nan, na sa wancan a can, na yi ta kallonsu. Shinkafa ta kama a tukunya.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida

Yau Baba ya kawo mini tarina da kansa, shi da ba ya barin injinsa ko gobara ake. Ya ajiye ya tafi. Na duba. A kan kowane tari ya ɗora guntun kwali, ya rubuta lamba da baƙin alƙalami mai kauri, kowace lamba kamar tafin hannuna. 1, 2, 3, har 12.

Na zauna ina kallonsu. Ashe har Baba. To tun yaushe? Ni ina nan ina ɓoyo, ina cewa kaina ke ciwo, ina cewa rubutun zamani ne ya lalace, ashe kowa ya sani, sun dai bar ni ne da mutuncina. Shi ya sa kullum a zagaye Amarya ke bin bayana. Ni na zaci don ta ji daɗin gulma ne.

Aiki ya yi sauri yau. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Da za a tashi na je na ce Baba na gode. Yana share bakin wuƙar inji. Ya ce shi bai yi komai ba. Sai ya ce, “Uwar Auta, Juma'a mai zuwa fa ba nisa.”

Lahadi, 23 ga wata, bayan la'asar

Na je gidanta. Na ce gorar ruwanta zan kai mata.

Na same ta a tsakar gida tana wankin zannuwan gado. Ta yi mini sannu da zuwa kamar ba komai, ta jawo mini kujera, ta hau ba ni labarin maƙwabciyarta da ta sayi firji ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka cire ƙyaure. Ta tambayi Auta. Ta tambayi ko Amarya ta fashe da fitsarin nan. Na yi dariya, ita ma ta yi. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta tsoma hannu a ruwa ta kawo wata.

Daga ƙarshe na ce, ke, saurara mini. Na ce gobe zan hau sama.

Ta matse zane ta shanya, sannan ta juyo. Ta ce, “Ki hau ki yi me? Ni ina da ido, Yaya. Ko'ina na je zan samu abin yi. Ke ina za ki?”

Ba wanda ya taɓa faɗa mini a fuska. Na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Ruwa na ɗiga daga igiya.

Ta ce in shiga in gaida Inna kafin in tafi.

Ɗakin na warin man zafi. Tsohuwar ta kama hannuna ta ƙi saki. Ta ce ai ta ji an ba ’yarta hutu saboda ƙwazo, Allah ya yi wa masu wurin albarka. Sai ta rage murya ta ce amma wane irin hutu ne wannan, kullum da sassafe ta fita da takalmin fita unguwa, ta dawo da yamma ƙafa duk ta kumbura, ba ta ko iya cin abinci. Ta ce in yi mata faɗa, ni take jin maganata.

Na ce to Inna, zan yi mata.

A mota na ga gorar na cikin jakata. Ban ba ta ba.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Ban hau ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe bakwai saura na yamma

Mun yi da Auta.

Tana tsaye a ƙofar kicin, ni ina bakin murhu, sai ta ɗaga hannu ta ce Mama yatsu nawa. Na ce ni sa'arki ce? Ta ce in dai faɗa. Na ce za ki ci abinci ko ba za ki ci ba. Ta ce wata nawa tana lura da ni, ina zuba shayi a gefen kofi, ina laluben makulli yana gabana, an koya musu wannan a makaranta, yawanci abu ne da ake dubawa, wani ma a gyara, amma ni na fi son in zauna da shi kamar kayan gado. Na ce don an sa miki farar riga shi ne za ki buɗe asibiti a kicin ɗina.

Sai ta ce ta haɗu da Anti Doguwa jiya a bakin wani shagon ɗinki, tana tambaya ko suna neman mai guga.

Ban san lokacin da na faɗa mata duka ba. Taga, lamba, komai. Har komawata lungu da sassafe, wanda shi ne ban so ta sani ba.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Mama, in don ni kika yi shiru, ni ban so.”

Na ce ba ki san abin da kike faɗa ba. Ta ce ta sani. Ta ɗauki kwanonta ta shiga ɗaki ta ci a can. Ni na ci nawa a tsaye.

Laraba, 26 ga wata, hutun rana

Na je har gindin matakala. Na taka ɗaya. Wayarsa ta yi ƙara a sama, na ce to yana da aiki, na dawo.

Tagar lamba biyu rana ta cika ta, ba kowa a wurin. Haske na zuba a kan tebur a banza.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe huɗu

Matakala goma sha huɗu ce. Ban taɓa hawa ba, tsohon manaja shi ke saukowa wurinmu.

Na yi sallama. Ya ɗago ya ce, “Sannu Mama, daga wace makaranta?” Ya zaci aiki na kawo. Na ce daga ƙasa nake, shekara goma sha ɗaya. Ya ji kunya, ya miƙe ya ba ni kujera. Yaro ne ashe, bai fi babban ɗan yayata ba, ga maganin ciwon ciki a kan teburinsa.

Na ce littafin makarantar nan ni na haɗa shi. Ya ce a'a, lamba biyu ce, kuma mai lambar ta amsa da bakinta. Na ce ta amsa, amma ni ke zaune a wurin, mun yi musanya tun rana ta biyu. Ya ce don me? Na ce saboda taga.

Bai gane ba. Ya ciro takardar sunayen daga bango ya miƙo mini, ya ce in nuna masa sunana.

Na karɓa. Na san sunana na layi na bakwai, da na ƙirga da yatsa na nuna, da an wuce wurin. Har yatsana ya fara. Sai na fasa. Na ɗaga takardar yadda nake yi in ba kowa, na kawo ta har tana taɓa hancina, na rufe idon hagu, na bi layi a hankali da na dama. A gabansa. Ban san minti nawa ba. Na ce ga ni nan.

Da na sauke takardar ya kau da kai yana kallon gilashi.

Ya ce tun yaushe. Na ce shekara biyu, ko uku. Ya ce to ya aka yi duk tsawon nan ba a taɓa dawo da aiki ba, ya duba tsofaffin takardu, babu. Na ce ai a dogon tebur ba a bukatar ido bakwai. Doguwa ta jera, ni in zara, don duk wurin nan ba mai saurin hannuna, ka tambaya, Amarya na bayana tana dubawa. Ya ce wa da wa suka sani. Na ce ina jin kowa, ban da ni da kai.

Ya yi rubutu mai yawa. Ya ce ba shi ke yankewa ba, gobe mai wurin zai zo, amma dole ya faɗa masa duka, har musanyar, don ita ma laifi ce. Na ce ya faɗa. Na ce abu ɗaya na zo roƙo, a mayar da ita.

Kafin in fito na leƙa ta gilashin. Wai mu ne can ƙasa. Ni dai launi-launi na gani a cikin akwatuna, ba mai motsi.

Na sauko. Na zauna a lungu. Can sai ga hannu ta saman katako, an ajiye mini cingam ɗaya. Amarya ta taso tun daga lamba uku. Ni ba na cin cingam, ta sani.



Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyu

Doguwa za ta koma ran Litinin, da takardar gargaɗi.

Ni an ce in zauna a gida in kawo takardar likita, sannan a ga inda za a sa ni, in akwai. Mai wurin ya ce in akwai har sau biyu. Teburori suna nan yadda suke. Mai Tef ya raka ni har ƙofa, yana ta cewa Mama a yi haƙuri, kamar shi ya zuba mini abin a ido.

Na kwashe kayana. Ba su da yawa ashe, kofi, ɗan tawul, silifas, robar yatsa. Baba ya kashe injinsa da zan wuce, bai taɓa kashe shi kafin lokaci ba. Ya ce in gaida Auta.

Ban taɓa ganin layinmu da ƙarfe ɗaya na ranar aiki ba. Duk ƙofofi a rufe, sai kaji.

Asabar, 29 ga wata, bayan la'asar

Ta zo. Ko sallamar kirki ba ta yi ba, ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, ta ce wa ya aike ni. Ta ce kwana goma sha ɗaya tana yawo a rana, ta yi wa uwarta ƙarya, ta haɗiye zagin yaron nan, duk na zubar a ƙasa kamar ruwan wanki. Saura wata biyar fa, wata biyar, ba zan iya daurewa ba? Ta ce ni dai tun da ta san ni ba na jin magana.

Na bar ta ta gama. Na ce ta zauna. Ta ce ba za ta zauna ba. Ta zauna.

Auta ta kawo mata ruwa, ta gaya mata an ba mu Laraba a asibitin ido, amma ita tana da jarrabawa ranar, kuma in an ɗiga maganin nan mutum ba ya ganin hanya sai an riƙe shi. Na ce ba komai, zan lallaba, ai na saba.

Doguwa ta ce in rufe mata baki. Za ta hau sama ran Litinin ta nemi rabin rana, tunda yanzu an san hanyar saman.

Na ce daga komawarki, ga takardar gargaɗi a kanki, ki bari mana.

Ta shanye ruwan ta ajiye kofi. Ta ce, “Ƙarfe nawa?”

Na ce bakwai.

Ta ce shida da rabi za ta zo, ta san tafiyata.